Yadda aka gano albumin a fitsarina tun ƙodata ba ta yi nisa ba

Mu masu ciwon sukari mun saba da huda yatsa. Mun saba da awon hawan jini da hawa sikeli da tambayar nan ta kullum, "Nawa ya nuna da safe?" Gwajin da ke duba ko sukarin ya fara taɓa ƙoda kuwa, da yawanmu sai mu yi shekara da shekaru muna zarya asibiti ba mu ko ji sunansa ba. Ni ciwona nau'i na biyu ne, kuma an jima da gano shi kafin asibitin da nake zuwa ya samu 'yar na'urar da ke yin wannan gwajin nan take, a ɗakin da ake ganinmu. Kafin zuwanta sai dai a rubuta wa mutum takarda ya kai ɗakin gwaje-gwaje, ya sake dawowa karɓar sakamako, sannan ya jira ranar ganin likita ta gaba. A tsakanin nan ne takardu ke kwana a jaka har su yage, mutum kuma tun da ba ya jin ciwon komai sai ya bar zancen.

Nas ɗin da ke auna mu ce ta fara yi mini maganar. Ta ɗago kai daga katina ta ce, "Hajiya, yau za mu duba ƙoda." Gabana ya faɗi. Na ce, "Sista, wani abu kika gani?" Ta ce babu abin da ta gani, kuma ai ƙoda ba ta nuna damuwarta a fuska ko a jiki sai abin ya yi nisa, shi ya sa ake neman labarinta a fitsari. Ƙa'idar ita ce mai nau'i na biyu a yi masa tun lokacin da aka gano ciwon, domin ba a san tun yaushe sukarin yake ɓarna a ɓoye ba, sannan a riƙa maimaitawa duk shekara. Mai nau'i na ɗaya, wanda galibi an san lokacin da ciwonsa ya fara, ana soma masa bayan shekara 5.

Kafin ta miƙo mini robar fitsari sai da ta jero mini tambayoyi. "Kin yi zazzaɓi a 'yan kwanakin nan? Kina jin zafi in kina fitsari? Jiya ko yau kin yi wani aiki mai wahala ko motsa jiki mai ƙarfi?" Sai ta rage murya ta ce, "Kina al'ada?" Na ce ina ƙarshenta. Nan take ta mayar da robar cikin aljihun tebur, ta ce in bari sai ta ɗauke sarai in dawo. Dalilin shi ne albumin, wato furotin ɗin jini da ake nema a fitsari, da miligiram ake ƙirga shi, alhali a jini giram 35 zuwa 50 ne a kowace lita, don haka ɗan jini kaɗan da ya gauraya ya isa ya ɗaga lambar. Haka ma zazzaɓi, da cutar mafitsara, da motsa jiki mai tsanani cikin awa 24 kafin gwajin, da sukari ko hawan jinin da ya yi tashin gwauron zabi a ranar, da ciwon zuciya mai tara ruwa a jiki. Duk suna iya ɗaga lambar na ɗan lokaci alhali ƙodar ƙalau take. A ganina waɗannan tambayoyin rabin gwajin ne. Na'urar ba ta san ko mutum ya kwana da zazzaɓi ba, abin da aka zuba mata kawai take karantawa. Ma'aikacin da ya tsallake tambayoyin don layi ya yi tsawo zai iya tayar wa lafiyayye hankali a banza.

Da na koma, ta ba ni 'yar roba mai murfi da sunana a jiki. Ta ce in wanke hannu, in wanke gabana da ruwa, in bar farkon fitsarin ya zuba, in tari na tsakiya, kuma ba sai ta cika ba. Na kawo mata. A gabana ta yage leda ta fito da wani ɗan kwanson roba wanda sinadaran gwajin ke rufe a cikinsa, ta tsotsi ɗigon fitsarin da siririn bututu, ta maƙala bututun a kwanson, ta tura cikin na'urar ta rufe. Na'urar ƙarama ce, a gefen tebur take zaune, ita ce ma ke auna matsakaicin sukari na wata uku da jinin yatsa. Irinta da aka fi sani akwai DCA Vantage ta kamfanin Siemens da Afinion ta Abbott. Wadda aka yi mini da ita kimanin minti 7 take ɗauka.

A cikin waɗannan mintoci ne na koyi abin da ban koya ba a duk shekarun da na yi da ciwon. Kowace ƙoda tana da ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya, kowace matata kuma dunƙule ce ta jijiyoyin jini sirara ƙwarai. A yini guda suna tace ruwa kusan lita 180 daga jini, su mayar wa jiki kusan dukkansa, abin da ke fita a fitsari bai wuce lita ɗaya zuwa biyu ba. Albumin furotin ne da hanta ke yi, shi ya fi yawa a ruwan jini, kuma jiki na bukatarsa, saboda haka lafiyayyar ƙoda ba ta barinsa ya wuce sai ɗan abin da ba a rasa ba. Sista ta kwatanta mini da rariya. Ta ce sukari mai yawa da hawan jini, in suka shekara suna matsa wa matatun nan, idanun rariyar ne ke buɗewa, abin da ya kamata ya tsaya a sama sai ya fara zubowa. Da fari kaɗan-kaɗan yake zuba. Fitsari ba ya kumfa, ƙafa ba ta kumbura, ƙugu ba ya ciwo, mutum na ta harkokinsa.

Na ga allon na'urar na shirin nuna lamba uku, na tambaye ta ta mece ce sauran biyun. Ta ce yawan albumin shi kaɗai yana ruɗi. In mutum ya sha ruwa sosai fitsarinsa ya tsinke, sai albumin ya yi kamar babu shi. In kuma ya yini da ƙishi fitsarin ya yi kauri, sai ya yi kamar ya yi yawa. Shi ya sa ake auna shi tare da kiriyatinin, wata shara da tsoka ke fitarwa kusan daidai wa daida kowace rana, a raba wannan da wancan, sai yawan ruwan da aka sha ya fita daga lissafi. Wannan dabara ce ta hutar da mutane daga tsohuwar hanya ta tara fitsarin awa 24 a jarka a ɗauko a kawo asibiti. A takarda ACR ake rubutawa, wato miligiram nawa na albumin ke cikin kowane giram na kiriyatinin.

Na'urar ta yi ƙara, ta turo 'yar takarda. Lambata 74.

Ƙasa da 30 shi ne daidai. Daga 30 zuwa 300 ana ce masa ƙaruwa matsakaiciya, sama da 300 kuma ƙaruwa mai tsanani. Ƙungiyar KDIGO, wadda ke tsara wa likitocin duniya ƙa'idojin kula da ƙoda, ta sa wa matakan nan suna A1 da A2 da A3 a ƙa'idojinta na 2012. Ya kamata mai karanta takardarsa ya duba ma'aunin da aka rubuta a gefen lambar, domin wasu ƙasashe, irin su Ingila, da miligiram a kan milimol suke aiki, kuma a nan iyakokin 3 ne da 30. Wanda ya ga 20 a wannan ma'auni ya ɗauka yana ƙasa da 30 ya tsira, alhali yana tsakiyar mataki na biyu.

Ni ban tsaya lissafin mataki ba a lokacin. Abin da ya zo mini a rai shi ne injin wankin ƙoda da mutanen da na sani da suka ƙare a kansa. Tsakanin teburin Sista da ƙofar likita tafiya ce 'yar kaɗan, amma ƙafafuna sun yi nauyi. Da na shiga ban ko gama gaisuwa ba na ce, "Likita, ƙodata ta lalace ke nan?" Ya karɓi takardar ya duba, ya ce, "Hajiya, zauna tukuna. Wannan lambar ba hukunci ba ce." Ya ce albumin a fitsarin mutum ɗaya yana hawa da sauka sosai daga rana zuwa rana, shi ya sa ba a tabbatar da matsalar da gwaji guda. Ana so a yi uku cikin wata 3 zuwa 6, in biyu daga ciki suka haura 30, to an tabbatar. Ya ƙara da cewa ko an tabbatar, wannan mataki shi ne wanda magani ya fi yin aiki a kansa, kuma akwai mutane da dama da lambarsu ke komawa ƙasa da 30.

Nan ne na ga amfanin a yi gwajin a inda ake ganin marar lafiya. Da a ce a tagar ɗakin gwaje-gwaje aka miƙo mini takardar nan, likita kuma sai bayan makonni, da ɗayan biyu ne zai faru. Ko in tafi gida in kasa barci ina ƙulla mugun zato, ko in ga lamba ce kawai da ban san ma'anarta ba in cusa ta a jaka. Amma tsoron ya zo mini ne a wurin da akwai mai ba ni amsa, kuma ban bar kujerar ba sai da aka tsara mini abin da za a yi.

Na ce masa ai an sha tsoma tsinke a fitsarina a baya ana ce mini babu furotin. Ya ce gaskiya aka faɗa mini gwargwadon abin da wancan tsinken ke iya gani. Tsinken fitsari na yau da kullum, mai launuka da yawa a jere, galibi ba ya canja launi sai albumin ya kusa mataki na uku ko ya shige shi, musamman in fitsarin ya tsinke. Mutum zai iya yin shekaru a mataki na biyu yana jin "babu komai". Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin na san mata da yawa a layinmu da ke dogara da wancan gwajin suna ganin an duba musu ƙoda.

Da na koma gida na nemi tarihin abin na karanta, don in san ko lambar nan ta cancanci a dogara da ita. A 1827 wani likita mai suna Richard Bright, a asibitin Guy's da ke Landan, ya nuna alaƙar kumburin jiki da cutar ƙoda da furotin a fitsari. A cokali yake zuba fitsarin ya ɗora a kan wutar kyandir, in ya daskare ya yi fari to akwai albumin. Sai dai abin da cokali ke nunawa ɓarna ce da ta riga ta yi yawa. A 1982, a wannan asibitin dai, Giancarlo Viberti da abokan aikinsa suka buga sakamakon bibiyar masu nau'i na ɗaya da suka yi na shekara 14, suka nuna cewa waɗanda albumin ɗinsu ya ɗan ƙaru tun farko, ƙaruwar da gwajin yau da kullum ba ya gani, su ne suka fi kamuwa da cutar ƙoda bayyananniya. A 1984 Carl Erik Mogensen na birnin Arhus a Denmak ya nuna hakan a masu nau'i na biyu, ya kuma gano abin da ya fi ɗaga mini hankali, wato ƙaruwar tana tafiya da mutuwa da wuri. Jijiyoyin da ke yoyo a ƙoda alama ce ta halin da sauran jijiyoyin jiki ke ciki, har da na zuciya da na ƙwaƙwalwa.

Gwaji na biyu an ce in zo da fitsarin farko na safe, wanda na tara da na tashi daga barci kafin in yi zirga-zirga, domin shi ya fi daidaito. Wannan karon likita ya ce a kai shi babban ɗakin gwaje-gwaje. Na tambaye shi ko bai yarda da 'yar na'urar ba ne. Ya ce ya yarda da ita, amma aikinta tacewa ne, ta ware waɗanda ke bukatar a ƙara duba su, kuma tun da magani ne zai ɗora ni a kai na tsawon lokaci, ya fi so ya samu shaida daga wuri biyu. Daga baya Sista ta nuna mini abin da ke bayan fage: kwansunan gwajin suna da ranar lalacewa da irin sanyin da ake ajiye su, kuma lokaci-lokaci tana zuba wa na'urar wani ruwa na musamman wanda an riga an san lambarsa, don ta ga ko tana karatu daidai. In aka yi sakaci da wannan, na'urar za ta ci gaba da fitar da lamba, ba wanda zai san ta karkace. Akwai kuma asibitocin da ba su da na'ura, sai tsinke na musamman na albumin, irin su Micral-Test, wanda ake tsomawa na daƙiƙa 5 a jira minti ɗaya a gwada launinsa da na jikin kwalba. Shi ba ya ba da lamba tsayayya, sai dai ya ce wajen kaza, kuma duk abin da ya nuna sai an tabbatar a ɗakin gwaji. Duk da haka ya fi babu nesa ba kusa ba.

Gwajina na biyu ya dawo 52. Biyu sun haura 30, ba a ma bukaci jiran na uku ba.

A rana guda aka ɗebi jinina don duba ƙarfin tacewar ƙodar, wanda ake lissafawa daga kiriyatinin na jini a rubuta eGFR. Nawa ya fito lafiya, sama da 60 sosai. Gwaje-gwajen nan biyu ba sa maye gurbin juna. Na fitsari yana nuna yoyo, na jini yana nuna ƙarfin aiki, kuma akwai masu sukarin da ƙarfin ƙodarsu ke raguwa ba tare da albumin ya taɓa hawa ba. An kuma tura ni a duba bayan idona, domin jijiyoyin ido da na ƙoda sukan kamu tare.

Sai maganar magani. Jinina dama yana ɗan hawa, don haka likita ya zaɓi losartan. Kafin ya rubuta sai da ya tambaye ni, cikin ladabi, ko ina da ciki ko ina sa ran samu, domin wannan dangin magani yana cutar da jariri a ciki. Ya ce aikinsa ya wuce saukar da hawan jini, yana sassauta matsin da ke cikin matatun ƙodar kansu, shi ya sa yoyon ke raguwa. Akwai hujja a kan haka. A wani bincike da aka buga a 2001 a kan mutum 590 masu nau'i na biyu da hawan jini, waɗanda ke mataki na biyu irin nawa, cikin shekara 2 kusan kashi 15 cikin 100 na waɗanda ba su sha maganin da ake gwadawa ba sun tsallaka zuwa cutar ƙoda bayyananniya. A cikin waɗanda suka sha miligiram 300 na irbesartan, ɗan'uwan losartan, kashi 5 ne kawai. Ya ce in dawo cikin mako 2 zuwa 4 a sake duba fotasiyam, wani sinadarin gishiri da ke cikin jini, da kiriyatinin na jini, domin maganin na iya ɗaga su, kuma in kiriyatinin ya ɗan hau, muddin bai wuce kashi 30 cikin 100 ba, ba a dakatar da shi. Ya ja kunnena a kan magungunan kashe zafi irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda mutane ke haɗiya don ciwon baya ko gwiwa ba tare da tambayar kowa ba, ya ce in rage gishiri, kuma in amai ko gudawa suka kama ni har na kasa shan ruwa in neme shi kafin in ci gaba da maganin.

Watannin da suka biyo baya babu abin ba da labari a cikinsu. Ƙwaya kowace safiya, awon jini a gida, ƙoƙarin riƙe sukari. Abu ɗaya ne ya canja a raina: da, in aka ce in saukar da sukari, umarni ne nake bi. Yanzu na san wace gaɓa nake karewa, kuma akwai lambar da za ta nuna mini ko ƙoƙarin na biyan bukata.

Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta cewa manya miliyan 589 ne ke da ciwon a 2024, kuma tsakanin kashi 20 zuwa 40 cikin 100 na masu shi sukan kamu da cutar ƙoda. Yana yi mini ciwo in na tuna cewa gwajin da ke kama abin tun yana ɗanye ɗigon fitsari ne da 'yan mintoci, amma mutane da yawa ba sa sanin halin da suke ciki sai ƙafa ta kumbura, an fara zancen wanki ko dashe. Ba duk asibiti ke da na'urar ba, kuma kwansunanta ba arha gare su ba. Amma mai sukari yana da haƙƙin ya tambaya. Matan da muke zama layi tare, yanzu in hira ta kawo nakan ce musu su buɗe baki su ce wa likita, "An taɓa duba mini albumin a fitsari? Nawa ya nuna?" In an ce babu furotin, su tambaya da wane irin gwaji aka duba.

A zuwana na baya-bayan nan Sista ta sake tambayoyinta, na kawo fitsarin safe, na'urar ta nuna 36. Alhamdulillahi, ta sauka, ko da yake ba ta shiga ƙasa da 30 ba tukuna. Likita ya kawo maganar wani dangin magani na daban, irin su dapagliflozin da empagliflozin, masu sa ƙoda ta zubar da sukari ta fitsari. Don sukari aka fara yin su, sai manyan bincike daga 2019 zuwa 2022 suka nuna suna rage saurin lalacewar ƙoda. Ya faɗa mini kuma ba ɓoye-ɓoye cewa suna iya jawo ƙaiƙayin gaba, musamman ga mata, kuma sai an kula da shan ruwa. Na ce ya ba ni lokaci in yi shawara da maigidana. Ya ƙara mini ƙarfin losartan ɗin, ya rubuta ranar duba fotasiyam, ya kuma sa ranar gwajin fitsari na gaba, wadda a ita ce za mu yanke magana a kan sabon maganin.